Igiyar Sabo Tana Hannuna

Dogon Dutsi, ranar Laraba, goma ga watan Rajab.

Zuwa ga yayana Ɗan'azumi ɗan Jibo, a zangon Kumashi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Shatu da yara. Allah ya sa albarka a fataucin goronka, ya tsare ka daga zazzaɓin kurmi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, ƙafar ce kawai ke damunta in ta daɗe a zaune. Matata Lantana ta sauka lafiya, an samu namiji, na sa masa sunan Baba, Inna kuwa ta ƙi kama sunan, Maigida take ce masa. 'Yar'uwarmu Zalihatu ta zo suna daga Dogon Kiriya, ta yi mana kwana shida. Gero ya yi dama-dama bana, in ka cire wanda aka kwashe zuwa rumbun kumandan, Baturen mulki.

Wuƙar da ka aiko ta hannun Inusa mai jakuna ta iso. Ba ka haɗo ta da magana ba, amma na gane, don ina tsaye ranar da ka rantse a kan kabarin Baba cewa sai ka ɗaukar masa fansa, kafin ka bar gari. Ba sai na tuna maka ba, amma ina so Malam Umaru da ke rubuta mini ya sa shi a takarda kada ya ɓace. Shekara uku ke nan da Sabo gardi, dogarin kumandan, ya tsare Baba a ƙasan rijiyar Nasara ta hanyar Gecheme, tun hantsi har la'asar, fitila ta mutu, Baba yana girgiza igiya, Sabo kuwa yana tsaye da bulala ya ce duk wanda ya ja sai ya fasa masa baya. Da aka fito da Baba ƙirjinsa bai sake zama nasa ba, bai ga kaka ba. Ban manta ba, Yaya, ko kwana ɗaya.

To ga abin da ba ka ji ba. An tuɓe wa Sabo jar hular gardi. Duk mutanen da ya daka ba su jawo masa komai ba, sai da ya hau dokin kumandan zuwa biki ya dawo da shi yana ɗingishi. Aka jefa shi cikin 'yan aikin tilas, wata biyu, aka turo su sabuwar rijiya ta hanyar Sukukutane. Ka san wa ke riƙe da igiya a wurin? Ƙanenka Gado. Da na ga an kawo shi ba takalmi, wallahi sai da na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ranar da layi ya zo kansa zai shiga, ina sallame sallar asuba na ɗaura niyya a zuciyata cewa Sabo ba zai sha ruwan la'asar ba. Na sa wuƙarka a aljihu na fita.

Ka san yadda wunin rijiya yake. Mutum ashirin da huɗu, jakuna, kwandunan ƙasa suna hawa suna sauka, sabon gardi da ya gaji Sabo yana ihu, tafinta ya zo ya ce kumandan na tambayar ruwa, mata masu fura suna kira. Ka kuma san yadda Baba ya koya mana kada hankali ya watse. Yakan ce kada mu ɗauki wunin gaba ɗaya, kowane aiki mu tsaya, mu ɗora hannu a kansa, mu faɗi da baki abin da za mu yi, kada mu saurari kowa sai mun gama shi. Kai kakan yi masa dariya ka ce har shan fura sai ya yi wa niyya. Ni dai abin ya zauna mini, bakina yakan riga ni.

Haka ya riga ni a ranar. Na ɗora hannu a kan igiya na ce na yi niyyar duba ta in gyara abin da ya lalace, sannan na bi ta gaba-gaba. A wajen gaba goma sha biyu na tarar ta cinye, saura kaɗan. Na tsaya ina kallon wurin. Da na wuce shi, ba mai cewa komai, igiya ce ta tsinke. Amma na riga na faɗa, mutane sun ji. Da wuƙarka na yanke ruɓaɓɓen wurin na ɗaure, ina jin haushin kaina kamar in ciji hannuna. Na yi niyyar fitila, na zura ta ƙasa, ta dawo da wutarta. Sai aka kawo Sabo. Ina ɗaura masa igiya a ƙugu, mutane duk suna jiran kalmomin Baba. Na ce na yi niyyar saukar da Sabo in fito da shi da ransa. Na faɗa, haƙorana a cije.

Daga nan kowane kwando da niyyarsa, in na ce zan ja wannan, shi kaɗai nake gani. Rana tsaka sai kwando ya zo rabi, na bayansa ya zo wayam. Na leƙa, ba hasken fitila. Wasu suka ce aljana doguwa ce ta zauna a ƙasa, amma ni na san numfashin rijiya ne ya ɗauke, irin na ranar Baba. Igiya ta girgiza sau uku. Sabon gardi yana can gindin gawo yana shan fura. Buba, wanda yake cikin masu igiya ranar Baba, ya dube ni, ya kau da kai ya shiga gyaran igiyar wandonsa. Ba wanda zai ja sai na ce a ja.

Ban ce ba. Na durƙusa a bakin rijiya na ji Sabo yana kiran sunana, na tambaye shi ɗan wane ne yake kira. Ya ce ɗan Jibo. Na ce ban ji ba. Sai ya ɗaga murya yana haki ya ce don girman Allah, don darajar Jibo da ya zalunta, a fito da shi. Rijiya ta kwaso maganar ta watsa, har masu fura sun ji. Tsayuwar ba ta wuce fatiha uku ba, Baba kuwa ya yi rabin wuni. Hannuwana suna so su buɗe, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ba tausayi ne ya hana ni ba. Shekara talatin Baba yana riƙe igiya bai taɓa barin mutum a ƙasa ba, na kuma faɗi niyya da kalmominsa. Sabo ya raba mu da Baba, ba zan bari ya raba gidanmu da wannan ma ba. Na ɗora hannu na ce na yi niyyar ja, muka ja.

Ya fito wandonsa a jiƙe, ya yi amai, ya rarrafo ya kama ƙafata a gaban mutanen da ya saba zanewa. Na janye ƙafata na koma kan kwanduna.

Kada ka ɗauka na yafe. Malam Umaru ya ajiye alƙalami ya ce in yafe, na ce ya rubuta abin da na faɗa. Saura kwana arba'in a aikin Sabo, kuma na roƙi sabon gardi ya bar mini shi, na ce ya iya haƙa. Kowace safiya ni ke ɗaura masa igiya. In na ce na yi niyyar saukar da Sabo, sai in yi shiru, in gyara ƙulli, in dubi sama, in yi tari. Shi kuwa idonsa yana kan bakina, ba ya ko ƙiftawa, yana jira ya ji ko yau zan ƙarasa da cewa in fito da shi da ransa. Har yanzu ina ƙarasawa. Ya rame, haƙarƙarinsa duk sun fito.

Don haka ka zauna inda kake, kada ka zo gardawa su kama ka a banza. Inna tana gaishe ka, ta ce goron da ka aiko ya ƙare tuni. Lantana da Zalihatu suna gaishe da Shatu, Buba yana gaishe ka. Ka gai da Kawu Mamman da duk 'yan Arewa na zango. In Inusa zai dawo, kada ka sake aiko da wuƙa. Ka aiko mini da igiyar kanti mai kauri, gaba talatin, wadda ba ta tsinkewa. Ba na so wani abu ya sami Sabo kafin kwanakinsa su cika.

Ni ne ƙanenka,
Gado ɗan Jibo, mai rijiya.