Surukina Na Cikin Masu Yi Mini Intabiyu

Gwaggo Asiya, don Allah ki agaza mini kafin Litinin, murna da fargaba sun haɗe mini.

Tun da na gama difloma a fannin noma nake kabu-kabu tsakanin Dogon Daji da Tambuwal. Makon jiya ina tasha sai ga saƙo a waya: wata ƙungiya mai tallafa wa manoma ta kira ni intabiyu ranar Litinin, malamin gona take nema a Kebbe. Gwaggo, fasinjan da na ɗauka lokacin, ni na yi ta zuba masa godiya yana kallona! Matata Kamila ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na kai kaftanina guga, na kakkaɓe littattafaina, har na fara hango kaina a fadamar Kebbe ana ce mini Malam.

Sai abokina Gazali ya zo da labari. Wai cikin masu tantancewar har da wani dattijo, tsohon malamin gona, da suka gayyato. Gwaggo, mahaifin Kamila ne! Ko sunansa ba zan iya rubuta miki ba. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi, kashe babur nake, in tuɓe takalmi in durƙusa. Yanzu a ce in hau kujera a gabansa, in ɗaga kai ina yabon kaina?

Mun gwada a tsakar gida, Kamila ta zauna a matsayin mai tambaya. Ina ta zuba amsa tiryan-tiryan, sai 'yar nema ta yi gyaran murya irin na babanta. Wallahi ban san lokacin da na sulale daga kujera na tsuguna ba. Ita kuwa sai dariya har da hawaye. Aikin nan ina son sa kamar raina, amma ina tsoron a ce ba ni da kunya. In je ko in haƙura?

Mai Kabu-kabu, Dogon Daji

Ɗana,

Barka da arziki! Maganar haƙura kuwa, cire ta daga ranka.

Kunyar suruki tarbiyya ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Sai dai ɗakin intabiyu ba zaurensa ba ne, kuma wanda ya kasa buɗe baki a can, yaya za a tura shi gaban manoma?

Tun yau ka sanar da ƙungiyar dangantakarku, shi kuma ka aika masa ta bakin amininsa. Mai yiwuwa ya fita idan layi ya zo kanka, kuma hakan ya fi: sauran masu nema suna da hakki, kai ma ba ka so gobe a ce suruki ne ya ba ka.

In kuma ya zauna, ka yi sallama, ka rusuna wa kowa gaba ɗaya, ka bar takalminka a ƙafarka. An nuna kujera, ka zauna. Ka fuskanci mai tambaya. In shi ne, dubi hularsa. Ba sai ka ce kai gwani ba ne. Faɗi abin da ka taɓa yi a gona da yadda ya kaya, wannan ba fariya ba ce. Gwajin ma ku ci gaba, Kamila ta yi ta gyaran muryar har ya daina kayar da kai.

Sannan ka tuna, dattijon nan ya taɓa tantance ka. Ya binciki halinka da asalinka, ya auna, ya ɗauki 'yarsa ya ba ka. Wanda ya amince maka da Kamila, gonar shinkafa ce zai ji tsoron damƙa maka?

Allah ya ba da sa'a, Malam.

Gwaggo Asiya