Haƙorin Ladi ya fita

Alhamis da dare, Silver Spring

Yau ma lauya ta ce takardun ba su fito ba. Shekara biyu ke nan ina jiran Ladi da ƙanwarta Talatu su baro gidan marayu a Jos su zama 'ya'yana.

Da safe, ina tasowa daga asibiti, na kira su ta bidiyo. Ladi ta manna bakinta a wayar, ta ce, "Mama, duba, haƙorina ya fita!" Na tambaye ta ko ya yi zafi. Ta ce ta ɗan yi kuka, amma Anti Rifkatu mai kula da su ta rarrashe ta.

Ina kashe wayar sai hawaye. Sau biyu kacal na taɓa rungumar yarinyar nan, amma na ji ciwon ba ni ce na rarrashe ta ba. Gidan nan shiru, babu wanda zan gaya wa.

Na tura wa Anti saƙo, na roƙe ta kada Ladi ta jefa haƙorin kan rufin ɗaki kamar yadda yara suke yi. Ta amsa, "Ai ta riga ta ƙulle shi a tsumma. Ta ce ba za ta jefa shi ba sai kin zo."