Kumatun Al'amin

Daga Kwatano zuwa Madarunfa.

'Yata Sakina, ina gaishe ki. Ya gida, ya jikin ɗanki Al'amin? Ni lafiya lau, sai dai tsayuwar gadi ta fara yi wa gwiwa yawa.

Na ji goggonki Hasana ta ce a daina ba yaron ƙwayar ciwon tsokarsa, wai ta kumbura mishi fuska, ana magana a bakin rijiya. Su yi ta yi. Ai masu maganar ne ke sayen irinta a kasuwa don su yi ƙiba. Tamu likita ya rubuta, kuma a gabana ya ce tsayar da ita farat ɗaya na iya kashe yaro. Ban yarda ba, ko wa ya faɗa. Ki ba shi kowace safiya bayan ya ci abinci. In zazzaɓi ko amai ya zo, ki kai shi asibiti a ranar.

Har yanzu da ƙafarsa yake zuwa lakwal, wato makarantar boko, ni wannan nake dubawa. Ki ce wa abokina ya adana kumatun. Na ɗan rame, in na zo mu raba.

Mahaifinki,
Ɗan Baba