Tankinku Mai Ƙyalli Da Rijiyar Gidana

Zuwa ga Manajan kamfanin bilic na wanki da ke bayan katangata a Kakuri.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ya aiki, ya iyali? Na yi shekara goma sha tara a sashen rini na masaƙa kafin a rufe ta, don haka ni da tsatsa mun san juna. Sau biyu na zo ofishinka aka ce kana taro, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na ɗaya. Bara kun kafa sabon tankin silba a kan ƙafafu huɗu, taku shida daga rijiyar da gidana ke sha. Na yarda yana da kyau. Matata har kallabinta take gyarawa a jikinsa. Amma bilic kuka zuba a ciki. Silba yana jure ruwa da miya, ba ya jure bilic. A hankali yake huda shi, ƙananan ramuka kamar bakin allura, musamman wajen walda. Tankin roba mai kauri ake sa wa wannan kaya. Ba shi da kwarjini, amma ba ya yoyo.

Na biyu. Ƙafafun na baƙin ƙarfe ne, abin da ke ɗiga kuwa a kansu yake sauka. Ta gabas ta fara ɓarewa kamar albasa. Na ga duk lokacin da za ku yi baƙi sai a shafa mata koren fenti. Ranka ya daɗe, fenti a kan tsatsa kwalliya ce kawai, tana can ciki tana cin abincinta.

Na uku, kuma nan ne nake jin tsoro. Ranar Asabar iska ta kwaso feshin yoyon ta yayyafa wa zanin zumuntar mata da matata ta shanya. Yanzu ya koma kamar zabuwa. Ta kai shi coci ta nuna wa mata arba'in. Ni ne na roƙe su su dakata da zuwa ƙofar kamfaninku in gwada takarda tukuna.

Zani ana sayen wani. Rijiya fa? Idan ƙafar nan ta durƙusa, gangaren ƙasar wajenmu yake.

Buƙatata kaɗan ce: a kwashe abin da ke cikin tankin kafin ruwan farko, a kawo na roba, a gina masa kewayen siminti nesa da katanga. Na silban kuwa, ku zuba masa ruwa, zai yi muku shekaru.

Allah ya ƙara kasuwa, ya raba ka da asara. Ranar da aka sauke tankin, ka shigo in ɗebo maka ruwan rijiyar ka sha. Idan ba a sauke ba ma ka shigo, kofin dai ɗaya ne.

Wassalam.

Maƙwabcinka na bayan katanga.