Tsumma a Bakin Ƙararrawa

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ciwon ƙugu, ya su Yaya?

Yau kwanana talatin a kan gadon mulki, amma har yanzu in aka ce "Sarauniya" sai na waiga in ga da wa ake. Dattawan majalisa ba su yafe wa ƙararrawar da ke zaɓen mai mulki ba, da ta yi shekara uku shiru, sannan ta kaɗa kanta ranar da 'yar mai wanki ta shigo fada da ƙunshin kaya a ka. Waziri yana durƙusa min har ƙasa, idonsa kuwa na kan kujerar.

Kin san ranar cikar kwana arba'in sai ta sake kaɗawa, in ta yi shiru an sauke ni. Jiya da hantsi na hau hasumiya, na tarar an naɗe harshenta tam da tsumma. Na tara majalisa na rantse, duk wanda ya aikata, ko ɗan waye, doka ce za ta hau kansa: kora daga ƙasa, ba dawowa.

Ga tsumman na aiko. Babu gidan manya da ba ki wanke wa kaya ba. Ki duba min na wane gida ne.

Ki huta lafiya,
Autarki

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙugu yana nan yadda kika bar shi.

Ke da aka ba ƙasa guda, kin rasa abin aiko wa uwarki sai tsumma? Idona ya yi rauni, ban gane komai ba. Ki jefa shi a murhu. Kuma wa ya aike ki rantsuwa a gaban jama'a? Tun kina ƙarama bakinki ke riga hankalinki.

Ni dai da za ki ji tawa, ki bar musu kayansu ki dawo. Mutum biyu da suka hau kujerar nan kafin ke, ba tsufa ya kashe su ba. Igiyar shanyarki na nan, ban bari kowa ya taɓa ba.

Allah ya tsare,
Innarki

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa.

Idon da ke hango tabon mai daga ƙofar gida bai yi rauni a wata guda ba. Tun a hasumiya na gane facin da ke jikin tsumman, na tsohon zanenki ne, ni na zura miki zare a allura ranar da kika yi shi. Na aiko ne ina roƙon Allah ki ce min kin ba da zanen nan kyauta.

Ɗazu Waziri ya same ni a zaure, yana murmushi. Ya ce yana da shaidar da ta ga mai laifi, amma in na sauka don kaina, magana ta mutu. Na ce ya ba ni kwana uku. Raina ya ɓaci, Inna, kuma tsoro nake ji. Ki gaya min gaskiya.

Autarki

Auta,

Gaisuwa irin ta uwa, in har kina karɓa.

Ni ce. Waziri da kansa ya zo har bakin rafi, ya tsuguna kusa da dutsen wankina, ya ce an riga an tanadi gubar da za a ba ki in ƙararrawa ta sake kaɗawa. Ya ce uwa ce kaɗai za ta iya ceto ki. Shi ya ba ni makullin hasumiya. Na hau matakala ɗari da wannan ƙugun, ina ganin ranki nake saya. Ashe igiya ya ba ni in ɗaure ki da hannuna.

Ban yi nadamar son ki rayu ba. Nadamata ɗaya, da tsufana aka yi wasa da hankalina.

Kada ki sauka. Waziri ya manta bai karɓi makullinsa ba, ga hatimin gidansa a jiki, ni kuwa ba na yar da abin da na tsinta. Gobe zan zo majalisa da makullin in faɗi komai da bakina. Doka ba ta bambanta mai naɗa tsumma da mai buɗe ƙofa ba. In kika sassauta min, kin sassauta masa, kuma babu mai sake jin tsoron rantsuwarki.

Innarki

Inna,

Na sa hannu a takardun kora biyu, taki da ta Waziri. Ranar Asabar za ku fita, shi ta ƙofar gabas, ke ta yamma. Ƙararrawa ta kaɗa da safen nan, ina tsaye a ƙarƙashinta, ban ji daɗin komai ba. Zan zo in raka ki har iyaka.

Autarki

Ranki ya daɗe,

Kada ki zo. In na gan ki, ƙafata ba za ta tafi ba.

Ki riƙa sa a ɗanɗana miki abinci.

Innarki