Sunan da Saje Hadli Ya Riƙe

Roni, 7 ga Maris, 1963

Zuwa ga Addata a Babura,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya sawwaƙe. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ɗan makarantar yamma ta manya ne. Saude matar babban ɗana ta sauka jiya da hantsi, namiji, ƙato, mai ƙarar murya. Na yi jika na goma sha ɗaya!

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wanzami ya tambayi irin zanen da za a yi wa yaron ranar suna. Kin san 'ya'yana duka zanen Baba Daudu na sa aka yi musu, domin nawa guda ukun nan na kunci babu mai irinsu a ƙasar Kazaure. Ke kika ga ranar da Baba ya dawo daga aikin dawakin sojan Turawa da ni a gaban sirdi, kuma har ya rasu bai faɗi inda ya samo ni ba. Shekara hamsin da bakwai ina jin ana raɗa cewa sayo ni aka yi. Ban taɓa gaya miki yadda abin yake ci na ba.

To, shekaranjiya aka kawo mini wata wasiƙa daga Ingila, da sunan Baba a bayanta. Da Turanci take, ni kuwa Hausa kaɗai aka koya mana. Gobe zan kai wa wani malamin firamare a Kazaure. Tsoro nake ji, Adda. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Haladu

Roni, 15 ga Maris, 1963

Addata,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, na ji ƙafar ce ta hana ki zuwa suna. Ga goro da soyen rago na ba direban motar Babura. Ki sa mai karanta miki ya bi a hankali.

Malamin ya karanta mini wasiƙar. Mai ita wani tsohon sojan Turawa ne, Saje Hadli, shekararsa saba'in da tara. Baba ne ke kula da dokinsa a wancan lokacin. Yana ɗan ashirin da biyu aka tura su wani gari a ƙasar Sakkwato da ya yi wa Turawa tawaye. Ya ce mutanen garin sun fito da gatura da fartanya, su kuma da bindiga mai ruwa. An ce su yi harbi, ya yi. Kafin azahar babu sauran gari.

Da ya je rijiya shayar da doki, ya tarar da wata mata kwance da harsashi a ƙirji, ta rungume jariri. Ya ba ta ruwa daga gorarsa. Ta dubi kakinsa, ta san ko shi wane ne, amma duk da haka ta miƙa masa yaron tana ta maimaita sunansa: Muhammadu Lawal. Ya rubuta a ɗan littafin aljihunsa don kada ya manta. Kwana uku yana ɗauke da ni cikin rigarsa, yana tsoma hankici a madarar gwangwani ina tsotsa. Da babbansu ya gane, ya ce a ajiye yaron a bakin hanya. Shi ne Baba ya karɓe ni, ya ce matarsa tana goyo a Roni. Saje ya sa shi rantsuwar ba zai faɗi garin ba, don kada a kama ni cikin 'ya'yan 'yan tawaye.

Adda, ba a saye ni ba! Uwata ce ta ba da ni amana da hannunta. Na fashe da kuka a gaban 'yan makaranta, ban ji kunya ba.

Tsohon ya ce bai san ko harsashinsa ne ya same ta ba, kuma tun daga ranar bai ƙara iya kallon rijiya ba. Yanzu likita ya ce kwanansa ya kusa ƙarewa. Abu ɗaya yake son sani: yaron ya rayu?

Ranar Laraba liman ya raɗa wa jikana Muhammadu Lawal. Na zauna kusa da wanzami, na juya masa kuncina, na ce ya duba ya yi irin wannan.

Amsar kuwa ni na rubuta ta da hannuna, malam ya sa Turancin a ƙasa. Na ce masa yaron ya rayu, ya yi furfura, yana da jika goma sha ɗaya. Na ce haƙƙin uwata ba nawa ba ne balle in yafe, wannan yana wurin Allah. Amma nawa na yafe masa, kuma na gode da madarar.

Ki gaida kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki Haladu, wanda uwarsa ta kira Muhammadu Lawal