Inda Veikko Ya Zuba Gishiri

Thunder Bay, ƙarshen Agusta

Zuwa ga yayata Helmi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar, ta daina kumburin? Yaya Arvo da jikoki? Ni dai ga ni nan, ana ci ana kwanciya.

Kin tambayi maganar gida. To, Raimo, ɗan nan nawa mai gaggawa, ya zo daga Toronto da dillali a bayansa. Dillalin ya leƙa ko'ina, ya ce gida ba laifi, amma daɓen simintin da ya tashi daga titi zuwa gareji da na bayan kicin sun zama abin kunya, duk sun ɓarɓashe. Sai an yi musu sabon yaɓe kafin a kafa allon sayarwa. So Raimo yake a gama kafin sanyi, ya kwashe ni zuwa wani gidan tsofaffi kusa da shi, inda wai ba zan ƙara taka ƙanƙara ba. Na ce to, don ba ni da ƙarfin musu.

Kin san maigidana Veikko da daɓen nan. Da hannunsa ya zuba shi shekarar da muka tare, kuma ya fi kula da shi a kan rigar wuyansa. Duk unguwa gishiri ake watsawa idan ƙanƙara ta kama don ya narkar da ita, shi kuwa sai yashi, wai gishiri cin siminti yake yi. Shekarar da na zame na karya ƙugu, daga gadon asibiti na roƙe shi. Ya ce, "Aili, gishiri ba zai taɓa simintina ba ina raye." Na ce masa, "To ka auri simintin, ya riƙa dafa maka kofi." Ga shi kuwa santsin nan ne ya yi ajalinsa a watan Fabrairu, dab da ƙofar direba ta motarmu, shebur ɗin kwashe ƙanƙara na hannunsa. Ina kewarsa, Yaya, ina kuma jin haushin taurin kansa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Akwai abin da ban gaya wa Raimo ba, don kada ya ƙara samun hujja. Da sassafe nakan ji ƙarar shebur a kan siminti, kar, kar, kar, yadda Veikko yake yi kafin in tashi. A watan Agusta fa, lokacin zafi, ba ƙanƙarar da za a kwashe. In na leƙa ba kowa.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Aili

Tsakiyar Satumba

Yaya Helmi,

Da fatan kin samu sauƙi. Na gode da hoton jikoki, ƙaramar ta kwaso hancin Mama sak.

Mai aikin ya zo. Orest sunansa, wani ƙaton mutum mai surutu, ya cinye mini rabin burodi kafin ya taɓa komai. Ya ce sabon yaɓe ba ya kama datti, don haka sai da ya yini yana wanke daɓen da injin feshin ruwa. Ƙasa da gansakuka na shekaru suka fita. Da ya kashe injin sai ya tsuguna yana sa yatsa a ramukan, ya ce, "Baba, maigidanki ya sha zuba gishiri a nan." Na ce masa ya wanke bakinsa, bai san Veikko ba. Ya yi dariya ya ce, "Ban san shi ba, amma na san cin gishiri. Sanyi ko'ina yake ci daidai wa daida. Wannan kuwa hanya ce, hau sama ki gani."

Na hau bene na leƙo ta tagar ɗakinmu. Yaya, hanya ce. Ko'ina ya fara bushewa, amma inda ya rarake ya riƙe ruwa ya yi baƙi, faɗinsa daidai tafiyar mutum ɗaya. Ta tashi daga ƙofar kicin ta nufi inda nake zuba wa tsuntsaye tsaba. Wani reshe ya tafi akwatin wasiƙu. Na ukun ya zagaya mota ya tsaya a ƙofar da nake shiga. Daga nan babu. Gefen direba sumul yake, kamar jiya aka zuba shi.

Kin gane? Tun karayar nan tawa Veikko yake tashi kafin in farka, ya zuba gishiri duk inda zan sa ƙafa, ya rufe da yashi don kada in gani in ce na ci galaba. Inda shi zai taka kuwa ya bar wa simintinsa. Shekara da shekaru ina yi masa gori a gaban baƙi cewa ya fi son daɓe a kaina, shi kuwa yana kurɓar kofinsa kawai. Wane irin mutum ne wannan? Na zauna a bakin gado. Ban sani ba ko kuka nake yi ko zaginsa.

Na ce wa Orest ya tafi tukuna, kaina na ciwo.

Taki,
Aili

Farkon Oktoba

Yayata,

Wasiƙarki ta iso, na gode. Kin ce in bar abin da ya wuce ya kwanta. Ke ma kenan.

Sau biyu ina mai da Orest da buhunansa. Na farko na ce za a yi ruwa, na biyu na ce ina da baƙi. A na uku ya cire hularsa ya ce, "Baba, mu daina wasan ɓuya. Yaɓen nan ɗumi yake so. Da zarar dare ya fara daskarar da ruwa, in na zuba ba zai kama ba, sai bazara. In kuma aka bar ramukan nan a buɗe, ruwa zai shiga ya daskare ya farfasa su, baɗi ba yaɓe za a yi ba, fasa duka za a yi a kwashe." Wato ko na rufe ko ban rufe ba, hanyar tafiya za ta yi. Raimo kuma kullum yana kan waya, "Mama, siminti ne fa kawai."

Kowace safiya raɓa takan kwanta a ramukan, hanyar ta yi duhu kamar yanzun nan wani ya bi ta da jiƙaƙƙen takalmi. Nakan tsaya a ƙofar kicin da kofina ina kallo. Tsoro nake ji, amma ba na son rana ta busar da ita.

Jiya dai na bari aka zuba. Sun cike ramukan, suka shafa wani farin ruwa mai danƙo, suka malala sabon siminti siriri, suka ja shi da doguwar roba, sannan suka bi da tsintsiya don kada ya yi santsi. Kafin la'asar komai ya zama fari fat, kamar gidan wasu. Orest ya gargaɗe ni da abu biyu. Kada gishiri ya taɓa shi a sanyin bana ko ƙwaya ɗaya. Sannan ya ce tsohon gishirin ya riga ya shige can cikin simintin ƙasa, wankin bai fitar da shi duka ba, wani lokaci yakan biyo danshi ya taso, kada in ce aikinsa ne ya ɓaci.

Yau da safe ban ji shebur ba. Na kwanta ina saurare har gari ya waye tangararan, shiru. Ashe shirun ya fi ƙarar ciwo.

Ƙanwarki,
Aili

Nuwamba

Yaya Helmi,

Ina fata sanyi bai tayar miki da ƙafar ba. A nan ya sauka sosai, bakin tafkin garin nan ya fara daskarewa.

An kafa allon sayarwa, har wasu matasa mata da miji sun zo sun yaba daɓen. Na fara ɗaure kwanuka a kwali.

Ranar Talata aka yi yayyafi, sanyi ya biyo baya. Da na buɗe ƙofar kicin da safe, duk farfajiyar ta zama gilashi, tana ƙyalli. Sai wuri ɗaya. Wani abu fari-fari kamar gari ya taso ta cikin sabon yaɓen, kuma inda ya taso ƙanƙarar ba ta kama ba, danshi ne kawai. Daga ƙofar kicin zuwa wurin tsuntsaye, zuwa akwatin wasiƙu, zuwa ƙofar da nake shiga mota. Na san abin da Orest ya faɗa, ba sai kin tuna mini ba. Amma ni na tsaya a wurin, kuma ni na san wanda ya share mini hanya.

Na sa takalmi na bi ta. Ban zame ba ko sau ɗaya. Na zuba wa tsuntsaye tsaba, na ɗauko wasiƙu, na zagaya har ƙofar mota. Nan hanyar ta ƙare, na tsaya ina kallon ɗaya gefen, inda Veikko ya faɗi, yana ta sheƙi babu ko ɗigon fari. Shekara nawa mutumin nan yana taka wurin nan cikin duhun safiya, ba wanda ya taɓa zuba masa komai.

Na koma kicin na ɗauko gwangwanin gishirin miya. Na dafa jikin motar na lallaba, na zazzage shi kaf a gefen direba, tun daga ƙofar gareji har inda aka same shi. Na ce wa Veikko, "Ga shi nan, mai taurin kai. In ka isa ka hana ni."

Orest zai yi faɗa, wurin zai ɓarɓashe kafin bazara, dillali kuma zai ja tsaki. Na kira Raimo na ce ya zo ya cire allonsa, ba inda za ni bana. Ya ce, "Mama, wa zai riƙa share miki hanya?" Na sauya magana, don ba zai gane ba.

Ki gaishe da Arvo da yara, ki riƙa sa safa mai kauri. In kin tashi aiko da wasiƙa, ki aiko ta nan gidan. Hanyar akwatin a buɗe take.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Aili